KAFIN KA ƊAUKI BIRO KA RUBUTA TAKARDA

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar a zaman da matasa suka saba yi bayan sallar Isha'i a Hayin Dogo, Samaru. Mun rubuto shi daga rikodin da aka ɗauka, mun kuma ɗan rage maimaici saboda ƙarancin fili.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa. 

Da aka ce ni zan yi magana a kan wannan al'amari na mutuwar aure, sai da na nemi a canza ni, domin ni ba malami ba ne, kuma a nan wurin akwai waɗanda suka girme ni, akwai kuma waɗanda suka fi ni daɗewa da iyali. Amma sai aka ce mini ai dalilin da ya sa aka zaɓe ni shi ne ni na je bakin ramin na leƙa na dawo. To shi ke nan. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, abin da na kuskure kuma malamanmu suna nan, sai su gyara.

Bari in fara da kaina, don kada a ce wanzami ba ya son jarfa. Na yi aure a ƙarshen shekarar 1921... astagfirullah, 2021. (Dariya.) Kun ga tun yanzu na fara rikicewa. Ina da ɗan shagon buga takardu da hoton takardu a nan Samaru, kuma duk wanda ya san garin nan ya san cewa idan ɗalibai suna nan muna nan, idan sun tafi mun mutu. Wata biyu da 'yan kwanaki da tarewar amarya, ranar 14 ga Fabrairu 2022, malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki, ba su dawo ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Mai shayi, mai kabu-kabu, mai wankin kaya, mai gidan haya, kowa ya ji a jikinsa. Ni dai akwai ranar da tun safe har magariba naira 150 na yi ciniki.

Ba zan ɗora wa yajin aiki laifin abin da ya faru a gidana ba. Laifina ne. Abin da na yi shi ne na ɓoye wa matata halin da nake ciki, saboda girman kai irin namu na maza. Idan ta ce babu omo sai in hau faɗa. Idan ta ce gawayi ya ƙare sai in ce ita almubazzara ce. Na koma ba na shiga gida sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wai don kada a tambaye ni kuɗin cefane. Ita kuma a nata tunanin wata na samu a waje. Ni ina ganin ta raina ni, ita tana ganin na gaji da ita. A wata na biyar sai ita ma ta yi nata yajin, ta tafi gidansu a Muciya, Sabon Gari.

A daren nan na yago takarda daga littafin lissafin shago, na ɗauki biro. Wallahi 'yan uwa na rubuta sunana, na rubuta sunanta. Abin da ya hana ni ƙarasawa shi ne ban san ko saki ɗaya ake rubutawa ko uku ba. Ku ji fa! Mutumin da ya yi Islamiyya shekara bakwai, ya haddace ƙa'idojin alwala da na gyaran sallah, amma bai san yadda ake sakin mace ba. Sai na ce bari gari ya waye in tambayi malaminmu. Wannan jahilcin nawa, cikin ikon Allah, shi ya tsare mini aurena.

Da na je wurin Malam bayan Asuba na faɗa masa, bai ce mini kada in yi ba. Tambayoyi ya yi mini. Ya ce, "Tana cikin tsarki ko tana al'ada?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ban sani ba." Ya ce, "Tana da ciki?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Wa ka aika daga danginka ya zauna da danginta?" Na ce babu. Ya ce, "Idan ka sake ta, a wane ɗaki za ta yi idda, kuma da me za ka ciyar da ita wata uku?" Na yi shiru. Sai ya ce, "Ɗana, kai ko sakin ma ba ka da halinsa. Tashi ka tafi biko."

To 'yan uwa, waɗannan tambayoyi huɗu su nake so mu ɗan tsaya a kansu, domin kowace ɗaya tana da tushe.

Saki halal ne, kada wani ya ruɗe ku. Musulunci bai ce a zauna a mutu cikin ƙunci ba. Akwai sura guda a Alƙur'ani da sunan saki ake kiranta, Suratuɗ Ɗalaƙ, ga kuma ayoyi a jere a Suratul Baƙara. Sahabbai sun yi saki. Zaidu ɗan Harisa ya rabu da Zainab 'yar Jahshi. Amma Allah da ya halatta shi ya yi masa hanya, kuma duk hanyar idan ka duba za ka ga an shirya ta ne don mutum ya huce kafin ya yanke. Saki na sunna shi ne ka yi guda ɗaya, a cikin tsarkin da ba ka kusance ta ba. Abdullahi ɗan Umar ya saki matarsa tana haila, da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya umarce shi ya mayar da ita, ya jira har ta yi tsarki. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da shi, wanda ya yi haka sakin ya auku, ya kuma yi saɓo, sannan za a tilasta masa ya yi kome. Yanzu ku lissafa. Mutumin da ya fusata ranar Talata, aka ce masa sai ya jira mako biyu ko uku kafin ya furta, kuma kada ya kusance ta a tsakani, mutum nawa ne fushinsu zai kai wannan lokacin?

Sannan bayan sakin, ina za ta zauna? Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da ita daga gidanta, ita ma an hana ta fita, sai in an samu wata alfasha bayyananna. A ɗakinta za ta yi idda, tsarki uku ga mai al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuma sai ta haihu. Ci da sha da sutura duk suna kanka muddin sakin na kome ne. Kana ganinta, tana ganinka. In zuciya ta sauko, ka mayar da ita ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure. Amma mu me muke yi? Takarda a hannu, akwati a ka, a tare mata Keke Napep a Kwangila, kafin la'asar 'yan uwanta mata sun zo da a-kori-kura sun kwashe gado da kujeru har da labule. Wace ƙofa kuma ta rage ta sulhu bayan an kwance gado a gaban maƙwabta?

Mafi muni shi ne saki uku a kalma ɗaya. Wannan ita ce annobar samarinmu. Mutum yana da igiya uku, ya tsinke su a numfashi ɗaya, wai don ta san shi namiji ne. Mazhabobi huɗu na Sunna sun tafi a kan cewa ukun sun auku. Ibn Taimiyya ya ce ɗaya ne, kuma ƙasar Masar ta ɗauki wannan ra'ayi ta sa shi a dokarta tun 1929. Malaman Ja'afariyya su ma ba su ƙirga shi uku, sun kuma shardanta shaidu biyu adilai kafin saki ya inganta. A Indiya Kotun Ƙoli ta soke irin wannan saki a 2017, a 2019 kuma majalisarsu ta mayar da shi laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Ban kawo wannan don mu buɗe muhawara ba. Na kawo ne don ku ga cewa babu wani malami a duniya, ko na wane ɓangare, da ya ce wannan aiki kyakkyawa ne. Saɓaninsu kawai shi ne a kan girman ɓarnar da ka yi wa kanka. Kuma kun san abin da ke biyo baya. Bayan kwana uku za ka ga mutum yana yawo daga Tudun Wada zuwa cikin birni, daga zauren wannan malami zuwa na wancan, yana neman wanda zai ce masa bai saku ba. In bai samu ba sai a shiga neman wanda za a yi auren kisan wuta da shi, abin da Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai yinsa da wanda aka yi dominsa. Wal'iyazu billahi.

Kuma a kiyaye, babu wasa a cikin saki. Wanda ya furta da wasa ya saku. "Ai fushi nake yi" ba hujja ba ce a wurin alƙali, sai in fushin ya kai ga gushewar hankali ɗungurungum, domin dama ba wanda yake saki yana dariya. Yanzu kuma ga waya ta zo. Da can kafin ka samo takarda da biro ka samu yaron da zai kai, wataƙila ka huce. Yanzu da babban yatsa ake kashe aure a WhatsApp, kuma malamai da yawa suna ɗaukar saƙon waya a matsayin rubutu, matuƙar kai ka rubuta da nufin saki.

Tambayar Malam ta uku ita ce ta dangi. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni, idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. A wurin Malikiyya waɗannan mutum biyu ba 'yan kallo ba ne, suna da ikon su daidaita, suna kuma da ikon su raba in sun ga babu gyara. Mu kuwa da wa muke shawara? Da abokanmu na teburin mai shayi, waɗanda rabinsu ko budurwa ba su da ita. "Kai, ni mace ta yi mini haka? Ai sai ta bar gidan." Shi da yake faɗin haka a ɗakin zaure yake kwana. Su kuma mata ana zuga su a gidan biki da cikin waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ni kawuna na ɗauka, ƙanin mahaifiyata, muka tafi Muciya. Surukina ya sa aka kira ta, ya ce, "Faɗi abin da ke tsakaninki da mijinki." Ta faɗi nata tana kuka. Da aka zo kaina sai kawu ya ce, "Faɗa musu nawa kake samu a rana." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na faɗa, sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, don Allah me ya sa ba ka gaya mini ba?" Ashe tana da 'yan kuɗin adashi da ta ɓoye. Ashe kuma tana da ciki wata biyu, ni ban sani ba, ita ma ba ta tabbatar ba. Yarinyar da aka haifa ita ce wadda wasunku suke gani ina ɗaukowa daga makarantar allo. Duk ranar da na kalle ta sai na tuna da takardar nan.

To amma kada in yaudare ku da labarina. Ba kowane aure ne yake gyaruwa ba, kuma wannan shi ne ɓangaren da ba mu cika son ji ba. Muna da kalma ɗaya da muke jifan mata da ita, wato haƙuri. A yi haƙuri, zaman aure ibada ne. Gaskiya ne. Amma haƙuri da talauci daban, haƙuri da zalunci daban. Akwai wani da na sani a Sabon Gari, ba zan kama suna ba, shekara huɗu yana dukan matarsa, duk sanda ta je gida a ce ta koma ta yi haƙuri, har ranar da aka kwashe ta zuwa asibiti a Shika da karyayyen hannu. Wannan ba aure ake tsarewa ba, azzalumi ake tsarewa. Alƙur'ani ya ba namiji zaɓi biyu ne kawai, ko ya riƙe da kyautatawa ko ya saki da kyautatawa, kuma ya yi hani a fili ga riƙe mace don a cutar da ita. Babu zaɓi na uku na a jingine ta, ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba.

Saboda haka idan ka zauna kana auna aurenka, ka raba matsalolin gida biyu. Akwai waɗanda lokaci da magana suke warkarwa: rashin kuɗi, rashin iya girki, tsiwa, saɓani da uwar miji, kishi, ƙuruciya. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, gida nawa ne a Samaru ba a yi faɗan cefane ba? In don wannan za a yi saki, ai da babu sauran aure a Danraka. Akwai kuma waɗanda suke cin mutum: duka, shaye-shayen da aka yi magani aka kasa, cin amana da aka tabbatar ba zato ba, da ƙiyayyar da ta kai mutum ba zai iya ba ɗan uwansa haƙƙinsa ba. A nan sai ka tambayi kanka tsakani da Allah: in na ci gaba da zama da ita, zan iya tsayar da iyakokin Allah a kanta? In amsar ita ce a'a, kuma masu sulhu sun yi nasu sun gaza, to rabuwa ta fi. Kuma kafin ka lissafa laifinta, lissafa naka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya soki mazan da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna ta karantar da mutanen waje. Kai da kake cewa ba ta san haƙƙin miji ba, yaushe ka zauna ka karantar da ita, ko ka biya mata kuɗin Islamiyya?

Ku sani kuma ita ma tana da ƙofa. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta je wurin Manzon Allah (SAW) ta nuna ba ta zarginsa a addini ko hali, amma ba za ta iya zama da shi ba. Aka ce ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ya rabu da ita. Wannan shi ne khul'i. Barira kuma da ta samu 'yanci ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu, yana bin ta a titunan Madina yana hawaye, Manzon Allah (SAW) ya sa baki a matsayin ceto ba umarni ba, ta ce ba ta so, kuma ba a tilasta ta ba. To kai wane ne da za ka ce sai ta zauna dole? A kotunan shari'a na jihar nan, waɗanda aka kafa a 2001 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, mace tana iya kai ƙara a raba auren saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, kuma in ta tabbatar da cutarwar ba za ta biya ko kwabo ba. Wanda kuma ya ƙuntata wa matarsa da gangan don ta gaji ta fanshi kanta, in an tabbatar, sakin ya tabbata kuma zai mayar mata da kuɗinta. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure. Abin kunya ne a ga ɗan uwa a gaban alƙali yana lissafin kuɗin zance da na lefe da kuɗin mota, yana neman a biya shi miliyan kafin ya saki 'yar mutane da ta haifa masa 'ya'ya uku.

Sai maganar yara, inda muka fi zalunci. Al'adarmu ita ce da an yaye yaro sai uba ya ƙwace, ya kai wa kakarsa ko kishiyar uwa. A fiƙihun Malikiyya kuwa uwa ita ta fi cancanta da reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, muddin uwar ba ta auri wani bare ba, in ma ta yi aure renon yana komawa ne wurin mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Ciyarwa kuma tana kan uba ko yaran suna ina. Ka saki uwarsu, ba ka saki cikinsu ba. Ku je tashar Kwangila ko bakin kasuwar Sabon Gari da dare ku tambayi yaran da ke kwana a can, ku ji nawa ne za su ce muku iyayensu suna tare.

Abin nan ya daɗe yana damun ƙasar Hausa. A Kano a 2009 wata ƙungiyar zawarawa ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi ta shirya fitowa zanga-zanga a kan yawan saki, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Kwankwaso ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba, aka fara da ma'aurata 100, da sharaɗin ba za ka saki ba sai ka koma wurin hukumar. A Oktoban 2023 an sake aurar da 1,800 a rana ɗaya. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi maganar dokar iyali, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A ƙasar Maroko tun 2004 ba ka sakin mace sai da izinin kotu, kuma sai ka ajiye haƙƙoƙinta da na yara tukuna. Ni a nawa ganin, kuma ra'ayina ne, gwamnati tana iya sayen gado da katifa, amma ba za ta iya shiga ɗaki ta riƙe maka harshe ba. Mu da muke cewa muna son a yi hukunci da abin da Allah ya saukar, ga wani yanki na shari'a da ba ya buƙatar majalisa ko gwamna, a hannunmu yake, kuma mu ne muke fara take shi.

In har ta kai ga rabuwa, to a yi ta yadda aka ce. Saki ɗaya, cikin tsarki, a gaban shaidu biyu, a rubuta kwanan wata don lissafin idda. Ta zauna a ɗakinta, ka ciyar. In akwai sauran sadaki ka biya. Kayan ɗakinta nata ne, lefe nata ne. Ka ba ta kyautar sallama gwargwadon ƙarfinka, Alƙur'ani ya ambace ta, mu ne muka mance. A zauna da waliyyinta a yanke nawa za ka riƙa bayarwa na yara duk wata, a rubuta. Sannan ka kama bakinka. Abin da ka gani a ɗaki amana ne, ba labarin majalisa ba ne, kuma gobe wani ɗan uwanka ne zai aure ta.

Akwai 'yan uwa biyu da suka same ni kafin mu fara suka ce suna cikin irin wannan hali. Ba zan nuna su ba. Malam ya ce zai zauna da duk mai buƙata ranar Asabar bayan la'asar a zaurensa, kuma kowa ya zo da babba ɗaya daga danginsa, kada ya zo da aboki. Wanda ya riga ya furta wani abu, ya zo da ainihin kalmar da ya faɗa da ranar da ya faɗe ta, in a waya ne kada ya goge saƙon.

Na ga an ɗaga hannu a baya, sai a miƙa masa lasifika. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.